Rasuwar Benen Inna, Wanda Aka Dafa Tuwon Suna da Shi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, ni Dawuda, tsohon malamin gona a Kankiya, a madadin mahaifiyata da iyalina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar dandamalin katakon da ke bayan gidanmu, wanda aka fi sani da Benen Inna. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, yana da shekara bakwai a duniya. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi, kuma wanda ya kashe shi yana can Ƙofa ta ƙasar Kusada, yana cin abincinsa sau uku a rana.

Wanda bai san bayan gidanmu kafin zuwan marigayi ba, ba zai gane girman wannan rashi ba. Wuri ne mai kwari, duk ruwan indararon gida can yake taruwa. Da damina taɓo har idon sawu, kwaɗi na ta sha'aninsu. Da rani kashin awaki da fasassun tukwane. Babu mai zuwa wurin sai wanda zai zubar da wani abu. Nan ƙofar bayan ɗakin Inna take kallo, amma dokin ƙofar ya yi tsawo, gwiwoyinta kuma sun daina lanƙwasa, idonta ya yi rauni. Tsakar gida ba faɗi, ga rana ga hayaƙin murhu. Shekara huɗu ta yi a ɗaki, tana jin kaɗawar darbejiya ta taga ba ta isa inuwarta ba.

Basiru kafinta ne ya karɓi haihuwar marigayi. Ya kafa masa ƙafa shida, ya shimfiɗa katako ashirin da biyu daidai da dokin ƙofar Inna, ba hawa ba sauka. Ranar da aka buga ƙusa ta ƙarshe, ta ɗauki sandarta ta fito da ƙafarta, ba wanda ya riƙe ta. Ta zauna a kujera, ta leƙa taɓon da ke ƙarƙashinta, ta ce yau ita ma ta hau bene. A nan ya samo sunansa.

Marigayi mai haƙuri ne, mai ɗaukar nauyin kowa. A kansa matata Kubura take shanya kuɓewa da barkono inda akuya ba ta isa. A kansa ake kitso, a kansa muka sha ruwan azumi bakwai. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinsa bai taɓa neman rabo ba. Tsofaffin ƙawayen Inna, waɗanda suka daina zuwa don ɗakin ya yi musu duhu, suka dawo, har daga Kafinsoli, suna tsintar wake suna cin naman dangi. Gidan da muke kukan ya yi mana kaɗan sai ga shi ya ƙaru da ɗaki guda, ba mu sayi taku ɗaya na fili ba.

Ba shi da yawan magana. In ana ruwa yakan ce tal, tal, tal, ya zubar da shi ta tsakanin katakai, kafin a ninke tabarma ya bushe. Amma katako na uku daga ƙofa yana da murya. Duk wanda ya taka shi sai ya ce ƙiiit. Kubura ta sha cewa in sa a ƙara masa ƙusa, na ƙi. Kowace safiya ina ɗakina nakan ji sanda ƙwas, ƙwas, sannan ƙiiit, in san Inna ta tashi lafiya.

Ga yadda ajali ya zo. 'Yata Rauda ta dawo gida haihuwar fari, Allah ya sauke ta lafiya. Da ake rabon aikin suna, sai Kamilu, ɗan ƙanen Inna, wato abokin wasana, ya bugi ƙirji ya ce itacen girki yana wuyansa. Ranar Juma'a aka wuni ana ruwa. Ranar Asabar ya iso da amalanke cike da ɗanyen itace jiƙaƙƙe, wanda ko fetur ba zai lallashe shi ba. Ni na tafi Sukuntuni gidan mijin Rauda wurin raɗin suna. Inna kuma an kai ta ɗakin mai jego tana riƙe da jaririya. Mata suka yi ta hura wuta har idanunsu suka yi ja, suka fara ambaton sunan Kamilu ba da alheri ba. Sai ya zagaya baya don ya ɓuya, ya ga katako ashirin da biyu a bushe.

Shaidu sun ce da farko ɗaya tak ya ce zai ara. Sun ce marigayi ya yi kuka a kan kowace ƙusa, amma guɗa da hayaniyar mata suka danne muryarsa. Kubura ta rantse ta ɗauka katakan daga amalanken suka fito. Na karɓi rantsuwarta don a zauna lafiya, sai dai ina so a rubuta cewa shekara bakwai tana shanya kuɓewa a kansu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Na dawo da azahar da yunwa, aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ci, na nemi ƙari, na ce a gaban jama'a ban taɓa cin tuwon da ya nuna haka ba. Kamilu yana gefena, hannunsa cikin kwanona, ya ce, "Ai wutar ce ta yi kyau." Da na zagaya wanke hannu na ga abin da na ci, sai ya biyo ni yana dariya.

"Haba Dawuda, mi ne na ɓata rai? Wasa ne. Ka taɓa jin inda aka yi hushi da abokin wasa?"

Na kai ƙara wurin dattawan dangi. Suka ce tsakanin ɗan mace da ɗan namiji babu shari'a, haka aka gada, in yi haƙuri. Na ce na ji. Ban haƙura ba, kuma ban yafe ba.

Marigayi ya rasu ya bar ƙafafu shida a tsaye, waɗanda suka tsira don na shafe su da baƙin mai saboda gara. Ya bar ƙusoshi cike da gwangwani, da kaji huɗu marasa matsuguni. Ya bar katako na uku, wanda ya yi ƙarar da ta tsorata makashin har ya ƙyale shi. Ya kuma bar Inna. Ranar Lahadi da safe, kafin in sami bakin gaya mata, na ji ƙwas, ƙwas. Ta buɗe ƙofa, ta miƙa sanda, sandar ba ta taɓa komai ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta rufe ƙofar. Yau kwana tara ba ta sake buɗe ta ba.

Basiru ya ce zai tayar da wani, amma katakon kasuwa a wannan lokaci ɗanye ne, zai karkace ya kayar da tsohuwa. Sai an sami wanda ya yi shekara da shekaru a cikin gida.

Jiya na shiga gaishe ta, ina jiran ta ce in yafe, tunda ɗan ƙanenta ne. Sai ta ce, "Yaushe ne bikin Salma, ɗiyar Kamilu?" Na gaya mata. Ta ce, "Wa aka ba itace?" Na ce ba a ba kowa ba tukuna.

"To ka amsa. Ka kai mashi busasshe mai kyau, kada a ce mun yi rowa. Ƙyauren zauren nan da yake ta yabo, da bencinan ƙofar gida, da gadon da yake kwana, duk na san su. Ubanshi ya saye su tun ina da haƙora. Sun bushe."

Saboda haka ga yadda aka tsara. Malamai sun ce ba a yi wa katako salla, na kuwa yarda. An tara tokarsa a buhu, za a kai ta gonar dawa ranar Alhamis da safe. Za a karɓi gaisuwa ranar Juma'a bayan la'asar a bayan gida, inda marigayi ya yi rayuwarsa. Babu tabarma, kowa ya zo da takalmin da ba ya so. An keɓe wa Kamilu wuri daidai bakin indararo.

Sadakar arba'in ta faɗo ranar bikin Salma, don haka a Ƙofa za a yi ta. Zan isa can da amalanke cike da itace, ni da Basiru da gudumarsa, kuma amalanken ba za ta dawo wayam ba. Ana gayyatar dattawan da suka yanke mini hukunci su zauna a sahun gaba. Na faɗa a fili ne domin Kamilu ya sami kwana talatin da ɗaya yana kallon ƙyaurensa.

Katako na uku zai koma gurbinsa, ba za a ƙara masa ƙusa ba. Inna ta ce in Kamilu ya buɗe baki, in gaya masa gwaggonsa na gaishe shi, ta ce wasa ne.