Ranar da Masu Girma Suka Hutar da Wayoyinmu

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce na yi tafiyar ƙasa irin wadda rabona da ita tun ina aiki a masana'antar katako. Na tsaga garin nan daga dandali zuwa asibiti, daga asibiti zuwa bakin kogi, kai ba hula, gumi yana bin ƙeya, gwiwoyi suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Wannan motsa jiki kuwa kyauta ce daga Mai Girma Uban Gari, Garkuwan Masu Fansho, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi.

Ga yadda aka yi. Masu girma sun zauna sun duba halin da muke ciki. Sun ga ramukan titi da yara ke kiran su tafki, sun ga ruwan famfo mai launin shayi, sun ga hayaƙin da muke shaƙa duk hunturu. Bayan dogon nazari sai suka gano cewa cutar da ke cin garinmu ita ce waya. Suka sanya Ranar Hutun Waya, suka kuma sanar da mu ta saƙon waya. Duk wanda ya kai tasa dandali da safe aka kulle masa ita zuwa yamma, za a ba shi jakar man girki da sukari da gahawa. Zaɓe ya kusa, amma wannan dacewa ce kawai, kada wani ya yi mugun zato.

Matata Raziya ce ta fara ganin saƙon.

"Tashi mu je, Nusret," in ji ta. "Ka san yadda gahawa ta yi tsada kuwa?"

"Ni wayata ba ta ce mini ta gaji ba."

"Ni na gaji da ita. Tun da abin nan ya shigo gidan nan, tsakiyar kanka kawai nake gani, ita ma ba gashi."

Muka je. Duk tsofaffin beninmu suna can, har da maƙwabcina Ostoya, wanda ya ƙare rayuwarsa yana huda tikiti a jirgin ƙasa kuma har yau kowa kallon marar tikiti yake yi masa. An girke wani akwatin ƙarfe da gilashi a tsakiyar dandali, an ɗaura masa jan kyalle kamar ango. Aka ce daga waje aka yo odarsa, don akwatunan ƙasarmu ba su iya riƙe waya ba.

Mai Girma ya hau mumbari ya yi mana jawabi mai ratsa zuciya kan yadda waya ta raba ɗa da uba. Daga wayarsa yake karanto jawabin. Hadimansa kuma sun yi masa zobe, kowa ya ɗaga tasa yana ɗauka. Da ya gama sai ya zaro wata daga aljihun ƙirji ya saka a akwati, aka yi tafi.

Ostoya ya zunguro ni. "Maƙwabci, wannan ita ce wadda matarsa ke da lambarta. Masu aikin suna aljihun wando."

Wata yarinya mai alama a ƙirji ta karɓi tawa da ta Raziya, ta miƙo mana jaka. Akwai sukari, akwai 'yar kwalbar mai wadda ba za ta soya ƙwai biyu ba, akwai fuskar Mai Girma a jikin jakar tana murmushi. Gahawa kuwa, aka ce tana hanya.

Muna isa gida Raziya ta zauna a bakin gado ta dafe kai. Na san wannan zaman. Hawan jini ne, kuma nata ba ya wasa, ya taɓa kwantar da ita asibiti har muka fara kiran dangi. Ta buɗe kwalin magani, wayam. Jiya ta sha na ƙarshe, da niyyar yau mu karɓo wani.

"Kwanta," na ce mata. "Yanzun nan zan dawo."

A bakin bene na ci karo da Hajiya Subhiya ta hawan ƙasa tana shanya a taga. Kunnenta ya yi nauyi, ita kaɗai ce kuma ba ta je dandali ba, don wayarta ta girke ce, mai igiya.

"Ina zuwa da sauri haka?"

"Magani! Raziya! Wataƙila har asibiti!" Na yi gaba.

A kantin magani Yasna ce ke aiki, yarinyar da na halarci bikin iyayenta.

"Baffa Nusret, nuna mini lambar."

Na manta cewa tun bara aka zamanantar da mu. Likita ba ya rubuta magani a takarda, lamba ake turo wa marar lafiya ta waya. An yanka kyalle a kan wannan ma, an ci nama.

"Yasna, wayar tana akwatin Mai Girma. Ke fa kin san Raziya, duk wata ke kike miƙa mata maganin nan."

"Ni na sani, Baffa, na'urar ce ba ta sani ba. Idan na fitar ba lamba, gobe ni ma ina gida. Ka je wurin likita ya buga maka a takarda."

Na tare bas. Na zaro tsabar kuɗi, direba ya dube su kamar na miƙo masa tsakuwa. Ya nuna mini wani ɗan gilashi a bakin ƙofa inda ake kara waya.

"Dattijo, an daina karɓar waɗannan."

"Yau fa Ranar Hutun Waya ce."

"Ba a gaya wa gilashin ba. Ga kyamara can tana kallona, ka yi haƙuri."

Bas ya tafi babu kowa a ciki sai direba. Ni kuma na bi bayansa da ƙafa, ina shaƙar hayaƙinsa kyauta.

A asibiti na cire hula don girmamawa na ajiye a kan kanta, na yi wa mai tsaron ƙofa bayani. Ya saurara har ƙarshe, mutumin kirki, sannan ya ce ba a ganin likita sai da lambar layi, lambar layi kuma a manhajar waya ake karɓa. Na ce matata na kwance. Ya ce in abin ya yi tsanani in kira motar gaggawa. Na tambaye shi da me zan kira. Sai ya ce, "Gaskiya da ka zo da wayarka." Haushi ya sa na fice na bar masa hular.

Na koma dandali. Tsofaffi sun watse, akwati na nan yana ƙyalli, yarinyar mai alama tana zaune a inuwa tana latsa tata wayar.

"'Yata, ki taimaka ki ba ni wayar matata. Ga ta can, mai jan gida. Maganin hawan jini zan karɓo."

"Ba matsala, Baffa. Sai dai mu tabbatar taku ce. Za mu tura lambar sirri, ka karanto mini."

"Ku tura ina?"

"Wayar mana."

"Wadda ke cikin akwatin?"

"E."

"'Yata, kin ji abin da bakinki ya faɗa kuwa?"

Ta yi ja har kunne. "Wallahi haka aka koya mana, Baffa. Kuma ko na yarda, ba ni da makulli. Sai Mai Girma Mataimaki."

Shi kuma Mai Girma Mataimakin Mai Ba da Shawara kan Zamanantar da Zamani yana gidan cin abinci na bakin kogi, inda ake taron nazarin nasarar ranar. Rana ba ta ko karkata ba, amma har nasarar ta isa a yi nazarinta.

Ba zan ɓoye muku ba, a kan gada tsoro ya kama ni. Tun safe na bar matar nan kwance ita kaɗai, ba ni da hanyar jin ko tana numfashi. Shekara da shekaru muna faɗa kan gishirin miya, amma ban taɓa tunanin cin miyar da ba ita ta ɓata ba. Na ƙara sauri.

Tun daga nesa ƙamshin nazari ya tare ni. Rago guda ake juyawa a kan gawayi, wani yana jiran layi, shi kam ba a nemi lambarsa ba. Masu girma sun kewaye tebur, kowa da waya a gefen faranti, wasu biyu. Na tsaya gaban Mataimaki na zayyana masa komai.

Ya goge maiƙo daga leɓe. "Baba, ƙorafinka yana da muhimmanci ƙwarai a gare mu. Ka shigar da shi ta manhaja."

"Ranka ya daɗe, manhajar tana cikin akwatinka. Makulli kawai nake roƙo."

Ya yi dariya irin ta masu ilimi. "Makulli? Baba, wannan akwatin zamani ne, ba shi da makulli. Shi zai buɗe kansa da yamma. Kamfanin ƙanin matata ne ya kawo shi, na san ingancinsa."

"In matata ba ta kai yamma ba fa?"

"Kai, Baba, ka riƙa kyautata zato. Dalilin wannan rana ke nan, mutane su rage damuwa."

Kafin in ba shi amsa ya miƙe ya rungumo kafaɗata, wani hadimi ya ɗauke mu hoto. Idan kun ga jaridar Laraba, ni ne tsohon nan mai buɗaɗɗen baki, wanda aka rubuta a ƙarƙashinsa cewa wani dattijo ya tako da ƙafa musamman don ya yi godiya. Bakin da kuka gani a buɗe, ba godiya ce ke shirin fita ba.

Na juyo gida hannu wofi, ina hawa bene ina karanta duk addu'ar da na tuna. Na tura ƙofa, sai na ji dariya. Raziya ce zaune a ɗakin girki, fuska ta washe, ga Stana matar Ostoya, ga wasu matan beninmu. Da suka ga ba waya, sai suka tuna ana iya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Sun tarar da ita kwance, kowace ta koma ta kwaso nata magungunan, suka baje a tebur kamar 'yan kasuwa. Na Stana ya zo daidai da nata, kwali ɗaya, ƙarfi ɗaya.

"Ina ka shiga tun safe?" in ji Raziya. "Ina hularka?"

Na zauna a ƙasa, don ƙafafuna sun yi murabus.

Ban gama shan ruwa ba muka ji birki a tsakar gida, sai gudu a kan bene. Ƙofa ta buɗe, ga Belma, 'yarmu tilo, wadda ke jinyar tsofaffin wasu a Ostiriya. Rabonmu da ganinta ido da ido tun sallar bara waccan, kullum ba hutu, kullum ba mai canjinta. Tana cikin fararen kayan aiki, idanu sun kumbura. Ta dubi uwarta tana kurɓar shayi, ta dube ni, sai ta fashe da kuka.

Ashe ta kira wayar uwarta da safe kamar kullum, ba amsa. Ta kira tawa, ta kira ta Ostoya, ta kira duk wanda ta sani, duka suna ta ruri a cikin akwatin Mai Girma. A ƙarshe ta samu Hajiya Subhiya, wadda ta shaida mata cewa ta ga babanta ya yi asibiti a guje yana kiran sunan uwarta, kuma har yanzu bai dawo ba. Belma ta jefar da aiki ta shiga mota, ta ƙetare iyaka biyu tana kuka.

"Baba, za ku kashe ni! Saboda sukari? Saboda sukari kuka ba da wayoyinku?"

"Har da mai," in ji Raziya, tana shafa mata kai. "Kin rame. Stana, kunna murhu."

Akwati dai bai buɗe kansa da yamma ba. Sai washegari aka kira mai walda ya yanka shi, aka zube wayoyi a tebur kowa ya tono tasa. Sanarwa ta ce an samu gagarumar nasara, har ana tunanin mayar da abin mako guda.

Belma ta kwana uku. Ta ci burek, gasasshen ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, har ta kasa tashi, ta yi barci a tsohon gadonta, ta yi faɗa da uwarta kan labule. Ranar Juma'a ta koma, don asibitinmu ba ya ɗaukar ma'aikata sai wanda ya dace da kawu a cikin masu girma.

Duk zaɓe masu girma suna rantse mana cewa za su dawo da 'ya'yanmu daga ƙasashen waje, ni kuma na sha yi musu dariya a wannan shafi. Yau na janye, na shaida da idona sun dawo da guda, ko da ta hanyar sa ta zaci uwarta ta mutu ne. Ostoya ma ya ce mako mai zuwa zai kashe wayarsa ya roƙi Hajiya Subhiya ta zauna kusa da tata, yana da ɗa a Jamus da ya yi kewa. Na ce masa ya yi abinsa a ɓoye. In masu girma suka ji, sai su kafa wa abin hukuma, su naɗa mata shugaba da mataimaka, su sayo musu motoci.