Rasuwar Faifan Zaidu a Gonar Surukinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda takaici ya kusa rinjaya, Malam Zaidu Munkaila, mai sibar ɗin nan, wato shagon shiga intanet, ta bayan tashar motoci a Birnin Konni, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar faifansa na sede, wato CD na kwamfuta. Rai ya yi halinsa a ƙarshen daminar bana ta 2008, bayan jinyar wulaƙanci a wata gonar hatsi da ke Tajaye. Ya tafi a lokacin da aka fi buƙatarsa, domin ranar Asabar mai zuwa ce zai girka sababbin kwamfutocin wata lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, aikin da Zaidu ya bugi ƙirji gaban darakta ya ce ba hannun ɗan Adam da zai taɓa shi. Daraktan kuwa har ya gayyaci malamai da iyayen yara su zo kallo. Baki dai shi ke yanka wuya.

Ga wanda bai san marigayin ba, shi faifai ne mai aiki da kansa. Sauran faifan Windows, in ka saka su a kwamfuta, sai sun ishe ka da tambaya: mene ne sunanka, wace ƙasa kake, ƙarfe nawa a garinku, kai kuwa kana zaune kana danna Suivant, wato ci gaba, har yatsa ya ƙage. Marigayi bai taɓa tambayar kowa komai ba. A saka shi, a ji wannan 'yar muryar tasa, fiiiii, sannan ƙirrr-ƙirrr, shi ke nan, mutum ya tafi sabgarsa. Kafin ya dawo an gama, agogo yana kan lokacin Yamai, haruffa suna jere yadda aka koya wa kowa a lakwal.

Ba a banza ya samu wannan tarbiyya ba. Zaidu ya sha wuya a kansa rani guda cur, yana rubuta masa amsoshin tambayoyin tun kafin a yi su, ya ƙona faifai, ya gwada a wata tsohuwar kwamfuta, ya ga ɓarna, ya sake. Wani gwajin ya tsaya cak a tsakiya yana jiran amsar da aka manta ba a ba shi ba. Wani ya zo da jerin haruffan Ingilishi, duk wanda ya danna A sai Q ta fito, har wani ɗan kasuwa ya aika wa ubangidansa na Sakkwato saƙon da aka ɗauka ko zazzaɓi ne ya hau masa kai. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne burauza, wato ƙofar da ake bi a shiga intanet. Mutanen Konni sun saba da Firefox, wadda suke kira yanyawa mai jan wutsiya, in ba su gan ta ba sai su miƙe su ce intanet ya ƙare. Zaidu bai huta ba sai da ya koya wa marigayi ya naɗa ta uwargida tun daga farko, ta buɗe kai tsaye a shafin wasiƙu, kuma kada ta kuskura ta tambayi baƙo ko yana so ta zama ta dindindin.

Marigayi maraya ne. Kwamfutar da ta haife shi ta rasu bara, ranar da wuta ta dawo da ƙarfinta bayan hadari, ta tafi da duk amsoshin da ke cikinta. Mai hankali da a ranar zai kwafi faifan gida biyu ko uku. Zaidu ya ƙi, wai kada kwafi ya faɗa hannun masu sibar ɗin bakin kasuwa su ci guminsa. Bai rubuta ko harafi ɗaya a bayansa ba, don ɓarawo ya ɗauka fanko ne. Bai yarda ya bar shi a shago ba, sai ya kai shi gida ya cusa ƙarƙashin kwanonin jeren matarsa Saude, bai kuma gaya mata ba. Wayo ke nan, in ji shi.

Ajali ya zo da sallama. Baba Mato, mahaifin Saude, ya sauka daga Tajaye neman maganin ido. Zaidu, kamar kowane suruki mai kunya, ya durƙusa ya gaishe shi daga bakin zaure, ya zare jiki ya bar masa gidan har yamma. A cikin hira tsohon ya koka wa ɗiyarsa cewa tsuntsayen jan-baki na neman cinye masa hatsi tun yana tsaye, ya kuma ce ya ga maƙwabcinsa ya rataya waɗannan faifai masu walƙiya a gona, tsuntsu ba ya sauka. Saude ta tashi ta tattaro masa tsofaffin faifan fim da suka karce. Garin neman leda ta ɗaga kwano, ta ga wani fes, ba hoto ba rubutu, ta ce ai wannan ma ba komai a cikinsa, ta haɗa masa da shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da labari ya fito, Zaidu bai tsaya faɗa ba, don bai san wanda zai yi wa ba. Ya shiga motar haya sai Tajaye. Abin da idonsa ya gane masa a gonar nan, wallahi ko maƙiyi ba a yi masa fatan gani. Ga marigayi a rataye jikin kara da igiyar kaba. Baba Mato bai gamsu da hudar da aka haife shi da ita ba, ya ɗora ƙusa a wuta ya ƙara masa biyu a gefe, wai don ya fi juyawa in iska ta taso. Rana ta lanƙwasa shi. Tsuntsayen da aka kawo shi ya kora kuwa, ko a jikinsu, kan karan ma suke sauka su huta in sun ƙoshi, kuma duk abin da suka ci a kansa suke sauke shi. Faifan da Zaidu ba ya riƙewa sai ta baki-baki, shi ne kashin jan-baki ya bushe a fuskarsa fari fat. Tir da wannan ƙarshe.

Tsohon kuwa sai murna. Ya riƙa nuna shi da sanda yana cewa duk cikin faifan babu mai haskensa, yana sa wa surukinsa albarka. Zaidu yana durƙushe, kai a ƙasa, yana amsa amin. Da wane baki zai ce wa uban matarsa ya yi masa ɓarna? Sai da Baba Mato ya zaga alwala sannan Zaidu ya lallaɓa ya kwance igiyar, ya rataya wani faifan da ya taho da shi a gurbinsa, ya jefa nasa a aljihu. Mutum ya saci kayansa da rana tsaka, yana waige-waige.

An yi iya abin da za a iya. An wanke shi da sabulu, an shafa masa man goge baki kamar yadda ake yi wa mai karce, an danne shi tsakanin buloli biyu na siminti ko zai miƙe. Daga nan aka kwantar da shi a na'ura. Ya yunƙura ya ce fii, muryar ta sarƙe. Ya ce ƙaf, ƙaf, ƙaf. Na'urar ta turo shi waje da kanta, ba a sake jin komai daga gare shi ba.

Ya rasu ya bar 'ya'ya da dama: kwamfutocin sibar duka, da ta buro, wato ofishin masu motocin siminti, da wata guda a Dogarawa da har yau ba ta taɓa tari ba. Ya bar yayyensa, faifan gwaji da suka lalace, waɗanda da ma su ya kamata a kai gona, amma suna nan a shago lafiya lau ana ɗora musu kofi. Ya bar Saude, wadda ta ce ita ba ta ga laifinta ba, mai ɓoye dukiya a cikin kwanon miya shi ya san dalilinsa. Ya kuma bar Zaidu, wanda ya nemi amsoshin nan a kansa ya tarar rabi sun gudu.

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar a bayan shago, kusa da janareta. Ba a buƙatar taro, kuma ba za a buɗe fuskar mamaci ba saboda halin da take ciki. Zaman makoki sai ranar Asabar a lakwal ɗin Malbaza, inda mai makoki zai bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya yana amsa tambayoyinsu da yatsa, a gaban jama'ar da aka tara don ganin aikin da ba hannu. Duk mai zuwa ta'aziyya ya zo da guzuri, don ba a san lokacin tashi ba.

Ana kuma sanar da cewa Baba Mato ya ji labarin taron daga bakin ɗiyarsa, ya cika mota guda da dattawan Tajaye, za su zo su ga abin al'ajabin surukinsa. Ya aiko a tanadar masa kujerar gaba saboda idonsa, ya ce kafin a fara yana so a miƙo masa faifan ya riƙe a hannunsa ya yi masa addu'a. Har yau bai san cewa shi ne wanda ya huda da ƙusa a gonarsa ba. Ana roƙon jama'a, in tsohon ya miƙo hannu, kowa ya dubi ƙasa.