Jadawalin Mai Girma a Garin da Babu Mota

Jama'a, ranar Talata, mako uku ke nan, na kai takarduna ofishin ɗaliban ƙetare na jami'armu a karo na huɗu, aka kuma dawo mini da su a karo na huɗu. Matar da ke bayan gilashin ba ta da laifi, har da murmushinta. Ta buɗe fasfona, ta ɗora yatsa a kan kwanan wata, ta ce saura kwana goma sha biyu izinin zamana na ɗalibi ya ƙare. In ina son a ƙara mini wata shidan da zan kammala rubutun digirina, sai na kawo wasiƙa daga waɗanda suka turo ni karatu. In babu, to in haɗa kayana da matata da 'yata Hanan mu koma gida, bayan shekara huɗu ina fama, ba tare da ko takardar shaidar gaisuwa ba.

Wasiƙar nan an rubuta ta tuntuni. Layi shida ce. Abin da ya rage kawai mutum ɗaya ya zare murfin alƙalami, wato Mai Girma Babban Mai Riƙe da Alƙalami, Allah ya ja zamanin tawadarsa. Wata biyar ke nan duk lokacin da na ƙona katin waya na kira gida, amsa ɗaya nake samu: "Tana kan tebur." Ban taɓa ganin teburin nan ba, amma ina jinjina wa kafintan da ya yi shi, don abin da ke kansa ba kaɗan ba ne kuma bai taɓa karyewa ba.

Kada ku ce Mai Girma ba ya ƙaunarmu. Sau uku yana aiko da saƙon zai zo Kuala Lumpur ya duba halin da ɗalibai suke ciki. Sau uku matanmu suna zuwa Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadin anko, sau uku muna fente kwanan watan da ke jikin ƙyallen maraba. Yanzu wajen ya yi kauri da fenti har ba ya naɗuwa.

To ran nan da la'asar ina zaune a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, na Jalan Semarak, ruwa yana ta zuba, ina shan shayi da maƙwabcina Malam Halliru, wanda shi tasa wasiƙar ta shekara a kan teburin, sai wayata ta yi ƙara. Lambar gida.

"Abdulwahidu ne? Ɗalibinmu na ƙasar waje? Alhaji Ahmadu ke magana, mai tsara tafiye-tafiyen Mai Girma."

Na miƙe tsaye, kamar yana ganina. "Ranka ya daɗe, ni ne."

"Mai Girma zai zo duba ku. Amma zai ɗan ratse Italiya shi da Hajiya, kwana uku, su sha iska. Wani gari wai shi Venice. Tunda kai kana can wajen, ka tsara mana jadawali, inda za a je da abin da za a ci."

"Ranka ya daɗe, ai ni ina Malaysia ne."

"To ai duk wajen ne."

Na so in gaya masa cewa shi da ke zaune a ofishinsa ya fi ni kusa da Venice nesa ba kusa ba. Amma mai kwana goma sha biyu a fasfo ba ya koyar da taswira. Na ce, "Wasiƙata fa, ranka ya daɗe?"

"Tana kan tebur. Ka fara yi mana wannan tukuna."

Malam Halliru ya kurɓi shayinsa ya ce, "Congratulations lah. An ba ka jakadan ƙasar waje baki ɗaya."

Ni ban san komai game da Venice ba. Amma a ɗakin girkinmu akwai hotonta manne a bango, shafin wata tsohuwar kalanda da mai shagon yadi ya ba matata Walida. Shekarar ta wuce, ta yar da sauran watannin ta bar wannan: gidaje tsaye a cikin ruwa, da wani siririn kwalekwale baƙi. Tun zuwanmu take cewa wata rana za mu je mu biyu, ko kwana biyu ne, ni kuma ina cewa, "Bayan digiri." Ashe duk shekarun nan da katin laburarena take aro littattafai a kan garin. Da na ba ta labari sai ta goge hannunta, ta ja kujera, ta ce, "Abban Hanan, kawo biro."

Ga abin da ta koya mini, na kuma ba ku kyauta, ko da wani cikinku Allah zai hore masa ya kai iyalinsa. Abu na farko, garin babu mota ko ɗaya. Wannan shi ya jawo kira na biyu daga Alhaji Ahmadu.

"Na ga takardarka. Ba ka sa yawan motocin rakiya ba."

"Babu mota a garin, ranka ya daɗe."

"Su ma layin mai suke yi?"

"Titin ne babu. Ruwa ne ko'ina. Bas ɗinsu jirgin ruwa ne, tasi ma haka. In ba ruwa ba, sai dai a taka."

Ya ce in maimaita, na maimaita. Can ya ce, "A taka? Da ƙafa? Ƙafar Mai Girma?"

Na ce ita fa. Ya tambayi jiniya. Nan Walida ta karɓe biron ta ƙara wani layi da hannunta: a watan Nuwamba ruwa yakan taso ya shiga dandali, kuma kafin ya taso ana kaɗa jiniya a garin. Idan Mai Girma ya ji ta, kada ya ɗaga hannu yana gaisuwa, ba shi ake yi wa ba. Ya tattare babbar riga ya hau katakon da ake shimfiɗawa.

Ta ce jaka ɗaya kowa, don gadojin garin sun kai ɗaruruwa kuma kusan kowacce matakala ce, wanda ya zo da akwati tara zai tsani ranar da ya saye su. Hajiya ta bar takalmi mai tsini a gida. A sauka a ƙaramin otal da ke bayan lungu, a fita da sassafe kafin masu yawon buɗe ido su cika babban dandalin San Marco. A wajen cin abinci a tambaya ko akwai alade ko giya a miya, babu kunya a ciki, in an yi shakka a ci kifi. Kofi a tsaye ya fi sauƙi, wanda ya zauna a kujerar da masu goge suke kiɗa, har kiɗan zai biya. Tattabarun dandalin kuma ba su san girma ba, saboda haka kada a je musu da farar shadda.

Kwalekwalen nan baƙi, ta ce a hau shi da yamma, su biyu kawai, ba mai riƙe jaka ba mai riƙe waya. A zauna, kada a miƙe don yin jawabi. Sannan ta rubuta shawarar da ta ce ita ce uwarsu duka: a rana ta biyu bayan azahar, a ajiye taswira, a bi lunguna har a ɓata.

Alhaji Ahmadu ya ƙi wannan sam. Ya ce Mai Girma ba ya ɓata, ba a taɓa yi ba. Walida ta soke layin ta rubuta "rangadin ba-zata na unguwanni". Aka amince nan take, har ya yaba mini da hangen nesa.

Kwana biyar suka tafi a haka. Saura bakwai, ni abinci ma ya daina shiga. Na tapau shinkafa, wato na sa an ƙunsa mini ita, daga mamak, na zauna ina juya ta da cokali. Gaskiya tsoro nake ji, tsoron in koma gida in tsaya gaban mahaifina hannu rabbana, in ce masa shekara huɗun nan sun tafi saboda layi shida.

Walida ta dube ni ta ce, "Wai me ya hana shi sa hannun ne? Ya ƙi ne?"

"Bai ƙi ba. An ce ba ta shigo jadawalinsa ba ne."

"Abin da ke jadawali fa, yana yi?"

"Ai ko yanka ƙyallen buɗe rijiya ne, in dai an rubuta ƙarfe kaza kuma akwai mai hoto, ba ya tsallakewa."

Ta ajiye ludayi. "To yanzu su waye masu rubuta jadawalin?"

Jama'a, na yi shekara ashirin da biyu ina karatu, wannan tunanin bai zo mini ba. Ta jawo takardar, ta sami gurbi tsakanin karin kumallo da ziyarar gadar Rialto, ta rubuta: "Rana ta biyu, ƙarfe goma na safe. Bikin rattaba hannu a kan takardar bunƙasa ilimi mai zurfi a ƙasar waje, a barandar otal mai kallon ruwa. Mai ɗaukar hoto zai halarta." Muka haɗa da kwafin wasiƙata, layi shidan nan ba ragi ba ƙari, muka aika ta injin faks. Ƙarya ko ɗaya ba mu yi ba. Ilimin mai zurfi ne, a ƙasar waje yake, kuma yana neman bunƙasa.

Alhaji Ahmadu tambaya ɗaya ya yi: "Wane kaya zai sa?" Na ce shuɗiya, za ta fito da kyau a kan ruwa.

Ƙarfe goman safiyar Venice ƙarfe biyar ne na yamma a nan. Ranar, saura kwana uku a fasfona, na je kedai, wato shagon da ke da injin faks, tun ƙarfe huɗu, na zauna a kan kwalin takardu. Malam Halliru ya rako ni, wai don ya ga ƙarshen hauka. Biyar ta yi, shiru. Biyar da rabi shiru. Na fara lissafin yadda zan sayar da fanka da tukunyar shinkafa. Shida saura kwata injin ya yi tari, ya fara turo takarda a hankali. Ga layi shida. Ga sa hannu, wani ƙato mai jela, ya cinye rabin shafin. Ga kuma hatimi, don ashe Alhaji Ahmadu ko ina za shi da hatimin a aljihu yake tafiya. Washegari matar bayan gilashi ta karɓa ta ce boleh, wato ya yi, in kawo ta ainihin daga baya. Ban san lokacin da na yi mata godiya da Hausa ba.

Mai Girma dai bai iso Kuala Lumpur ba. An ce aikin da ya yi a Italiya ya gajiyar da shi, likita ya ce ya wuce gida. Mun ji kuma an shirya masa tarba saboda nasarar da ya samo wa ilimi a ƙetare, ni kuma ba zan musa ba, don ni ne ilimin. Ƙyallen marabarmu ya sha fenti na huɗu. Malam Halliru kuwa tun ranar ya ari littafi a kan Florence, garin Italiya da ya yi suna a kayan fata, ya ce ya ji Hajiya tana son jakunkunan fata. Wasu ɗalibai biyu daga Bukit Jalil suna rigima a kan wanda zai ɗauki Roma.

Bayan kwana biyu Hajiya da kanta ta kira, ta ce a ba ta wadda ta rubuta jadawalin, don ta san ba namiji ba ne. Ina jin su. Ta ce sun ɓata ɗin kuwa, awa biyu cur, kuma rabon da su yi tafiya su biyu babu kowa a tsakani tun kafin a fara ce masa Mai Girma. Har jakarta ya riƙe mata. Walida ta ce, "Masha Allah, Hajiya. Ruwan fa, da gaske kore ne kamar a hoto?" Hajiya ta ce kore ne, sai dai wani wajen yana ɗan wari. Suka yi dariya. Da ta ajiye wayar sai ta tsaya tana kallon shafin kalandar nan. Kunya ta kama ni ƙwarai. Ita ta san kowace gada a garin da suna, wata ce ta taka su, ni kuma shekara huɗu ina ce mata bayan digiri.

Ranar Asabar muka bar Hanan wajen matar Malam Halliru, na kai Walida tafkin Titiwangsa, muka hau ɗan jirgin nan da ake tuƙawa da ƙafa kamar keke. Na ce mata, "Maman Hanan, ga ruwa, ga kwalekwale, wari ma akwai ɗan kaɗan." Ta yi murmushi ta bar ni na yi ta tuƙi har muka kai tsakiya. Sannan ta buɗe jaka ta fito da takarda, da biro, da ƙaramar kyamararmu. Layi biyu ne: Venice, kwana uku, mu biyu, da wata da shekara a rubuce.

Na karanta sau biyu, na gyara murya, na ce, "Shawara ce mai kyau. Za a duba. Ki ajiye mini a kan tebur."

Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ce, "Babu tebur a nan, ranka ya daɗe."

Na sa hannu, jama'a, ta kuma ɗauki hoto. Duk mai wasiƙa a kan teburin wani babba, shawarata ita ce ya nemi ruwa mai zurfi ya kai shi tsakiya. Ni dai ban iya ruwa ba.