Jiniyar Hantsi a Sharaɗa

Ba zan taɓa mantawa da abin da Injiniya Nafi'u ya yi min ba. Mutumin nan ya sauya lambobi bai gaya min ba, ya bar ni na tozarta kaina a gaban mai kamfani da baƙinsa. Yanzu in na tuna nakan yi dariya, amma dariyar ba ta kaiwa ciki.

Ni mai gyaran lantarki ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda muke buga butoci da bokitai. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, sauran duk a bakin waya na koya, da ƙuna da jan wuta. Da shugaban sashenmu ya yi ritaya, kowa ya san ni ne a layi. Har matata ta fara ce wa maƙwabta ai an kusa.

A lokacin ne aka ɗauko Nafi'u daga jami'a. Ya zo da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, mai ƙananan filoli a jere kamar haƙoran mataji. Kowane fil aka ja masa waya zuwa wani abu: fanka, fitilu, famfon tanki, jiniya. Shi kuma ya zauna ya rubuta wata manhaja. Ba hoto, ba maɓalli mai launi, baƙin allo ne kawai. Ka buga umarni da lambar fil, abin da ke jikin fil ɗin ya kama ko ya mutu. Ni na ja wayoyin, saboda haka lambobin suna kaina: bakwai fanka, sha ɗaya fitilu. (Kalmomin umarnin kuwa haddace su na yi kamar karatun aku, ban san ma'anarsu ba har yau.)

Da aka ce Alhaji, mai kamfanin, zai kawo manyan diloli daga Maraɗi su ga sabon tsari, ni na roƙi manaja a bar ni in nuna. So nake Alhaji ya ga hannuna a kan kwamfuta kafin ya yanke maganar muƙamin nan. Ranar na ɗaura babbar riga a kan kayan aiki, na ari tabarau. Ban gwada komai da safe ba. Me zan gwada? Ni fa na ja wayar.

Ashe Nafi'u ya yi wa manhajarsa abin da ya kira gyara. A da ana ƙirga filolin yadda suke a jere, yanzu ya koma bin lambobin da masu ƙera na'urar suka ba su. Bakwai ɗin jiya ba ita ce bakwai ɗin yau ba.

Da hantsi suka shigo ɗakin da na'urar take, ana ta zufa. Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu da yatsa ɗaya zan kawo muku iska."

Na buga bakwai. Fanka ko motsi. Sai jiniya ta ɗauka.

To ku da ba ku yi aikin kamfani ba, bari in gaya muku. Ma'aikaci ba ya duba agogo, jiniya ce agogonsa. In ta yi kuka da rana, hutun azahar ne, kuma babu wanda zai tsaya tambaya. Ta taga muna kallo mutane suka saki injina da narkakkiyar roba a ciki, suka yi waje. Masu gudu don kama layin alwala na yi, masu gudu wajen Ladi mai shinkafa da wake na yi, ita kuma tana ihu wakenta bai nuna ba.

Ɗaya daga cikin dilolin ya ce, "Alhaji, iskar ke nan?"

Na ce, "A'a, gwaji ne." Gumi ya sa tabarau na zamewa. Maimakon in kashe bakwai, sai na ce bari in burge su da fitilu, na buga sha ɗaya. Famfo ya kama. Tankin da ke cike ya fara ambaliya, daidai kan rumfar da aka ajiye motar Alhaji da gilashi a sauke.

Ban gama shanye wannan ba sai muka ji ana hura lasifikar masallaci. Malam Idi ne, tsohon mai gadinmu da ke mana ladanci, shi ma da jiniya yake aiki. Manaja ya kwasa a guje da takalmi ɗaya, yana kiran, "Malam Idi, dakata! Lokaci bai yi ba!"

Alhaji ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya ce a hankali, "Malam, akwai sauran abin da za ka nuna mana, ko mu tsira haka?"

Kwana aka yi ana ƙwaƙule daskararriyar roba daga injina. Muƙamin aka ba wani. Jiniyar kuma aka cire ta daga na'urar, aka ce tunda na fi kowa saninta, ni zan riƙa kunna ta da hannu. Yanzu ko ƙosai zan saya a bakin ƙofa sai wani ya ce, "Baba Jiniya, a tashi ne?" Abin da na koya ɗaya ne: kada ka danna a gaban mutane abin da ba ka danna kai kaɗai ba.

Amma Nafi'u ban ƙyale shi ba. Na same shi a ofis yana shan shayi. Ya ce, "Wallahi Baba, na rubuta sauyin a cikin bayanin manhajar. Da kun karanta..."

Na ce, "Da Turanci, ko? Injiniya, dube ni da kyau. Tebur ɗinka da nawa bango ɗaya ne a tsakani. Muƙami ya wuce ni, na haƙura. Amma ranar da ka sake sauya wata lamba ba ka tako ka gaya min da bakinka ba, na rantse a ƙarƙashin kujerar nan zan ɗaura maka jiniyar, kuma wannan karon ba zan yi kuskuren lamba ba."