Katin Lafiyar Hajiya Sabuwa

"In gwamnatinka ta san darajar tsofaffi, me ya sa ta bar ni da miji irinka, mai warin fetur?"

"Ke dai gode wa Allah, Hajiya. 'Yan matan unguwar New Bell layi suke yi a kaina. Na ce musu ina da tsohuwa a gida, ba zan sake ta ba sai haƙorinta na ƙarshe ya faɗi."

"Saura huɗu. Za ka daɗe."

Jibirilla ya jingine bensikin ɗinsa, babur ɗin da yake haya da shi, ya tsallake kwatar da ruwan jiya ya cika, ya zauna a gefen tabarmar kakarsa. Hajiya Sabuwa na ɓarar gyaɗa, ƙafafunta a miƙe kan matashi, duk biyun a kumbure. Ya dube su, ya kau da kai. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, shi ya sa tun yana cikin zanen goyo take kiransa Maigida.

Zuwansa na uku ke nan kan magana ɗaya. Likita ya ce ƙodarta ta fara gajiya, in har ta kai ga wankin ƙoda, mai katin lafiyar gwamnati ne zai sami sauƙi. Masu rajistar katin sun kafa tebur a ƙofar gidan mai unguwa, yau da la'asar za su naɗe kayansu. Duk lokacin da ya tayar da zancen, sai ta jawo siyasa.

Yau ma haka. Ta ce katin nan ƙidayar ƙuri'a ce aka sa wa farar riga, ita kuwa zaɓe uku ke nan tana dangwala wa 'yan adawa. Ta tuna masa cewa atamfar jam'iyyarsa da ya kawo mata bara, da ita take rufe akurkin kaji. Shi kuma ya tambaye ta ina ɗan takararta, wanda ya sha alwashin gyara kwatar unguwa, ya ci shinkafarta faranti biyu, bai sake leƙowa ba.

"Bai ci zaɓe ba, da me zai gyara? Ku da kuka ci fa? Manyanku in kai ya sara musu sai jirgi zuwa asibitin waje. Ni kuma a ba ni kwali in rataya a wuya."

"Kwalin nan ya yi wa Hapsatu maƙwabciyarki amfani. An duba ɗanta ba ta biya ba."

"Aka rubuta mata magani ta tafi kanti ta saya da kuɗinta. Kai ka kai ta, Maigida, kada ka yi mini ƙaryar kamfen a tsakar gidana."

Bai musa ba, don gaskiya ta faɗa. Shi kansa hular jam'iyyar da ke kansa ta fi yi masa amfani wajen tare rana. Ya ɗebi gyaɗa, ta doke masa hannu. Ya ce to ko don ta ga ƙarshen ƙaryarsu, ta karɓi katin, in bai yi aiki ba ta samu abin zaginsa har ƙarshen rayuwarta.

"Abin zaginka ba ya ƙarewa. Kuma ni ba zan sake tsayawa gaban yarinyar nan mai jan farce ba, marar tarbiyya."

Jibirilla ya tsaya da taunar gyaɗa. Ita da ta rantse ba ta taɓa taka wurin ba, ina ta ga farcen? Bai tambaya ba. Ya jira, don ya san halinta, in aka matsa mata sai ta koma kan kwata da jirgi.

Ta ɓare gyaɗa biyar ko shida kafin ta yi magana, idonta na kan tire. Ranar Talata ta je, ita kaɗai, da sandarta. Ta bi layi har ya zo kanta. Yarinyar mai kwamfuta ta tambayi sunanta, ta faɗa. Ta tambayi shekaru, suka yi ciniki suka daidaita. Sai ta tambayi sunan miji. Hajiya ta ce Malam. Yarinyar ta ce Malam wa? Ta maimaita da Faransanci, ta koma Pijin, daga nan ta ɗauka kurma ce, ta ɗaga murya. Wani matashi a layi ya ga zai taimaka, ya fassara da Hausa da ƙarfi, har masu sayar da soyayyar ayaba suka juyo. Aka yi dariya.

"Shekara hamsin da ɗaya ina gidansa, sunan nan bai fita bakina ba. Shekara sha ɗaya ke nan yana kabari. Sai yau, a bakin titi, gaban 'yar cikin jikata? Na ɗauki sandata."

Dariya ta taso masa, ya danne ta. A zuciyarsa ya hango kakarsa tana dawowa a kan waɗannan ƙafafun, ita kaɗai, tana tsallake kwata. Ya cire hular, ya juya ta a hannu.

"Ashe ba adawa ba ce. Soyayya ce."

"Zan fasa maka kai da tiren nan."

"Kwana uku ina kare gwamnati, ashe kishiyata... a'a, abokin takarata yana makabarta. Tashi mu je. Zan tsaya a bayanki. In ta tambaya, ni zan faɗa. Sunana ne, kullum ina faɗa wa 'yan sanda a shingen PK 14."

"Sai a rubuta ni matar ɗan bensikin a kwamfutar gwamnati?"

"Ƙarin girma ya same ki."

Ta yi ɗan tunani, ta ce in kuma yarinyar ta tambayi sunan ɗan fari fa, shi ma ba ta faɗa. Jibirilla ya sosa ƙeya. Ɗan farin nan ubansa ne.

"Wannan... zan rubuta mata a takarda."

Hajiya Sabuwa ta yi dariya har gyaɗa ta zube, ta ce ga jarumin jam'iyya ya ji kunya. Ta kwance bakin zaninta, ta jefa masa rabin goro. Ta kafa sharaɗi: hular ta zauna a gida, kuma ya sani ko kati goma suka ba ta, ranar zaɓe ba su da ita.

"Ki rayu ki kayar da mu, shi ke nan abin da nake so."

Ta ce a miƙo mata mayafi. Shi kuwa ya jefa goron a baki, ya fita neman katakon da zai shimfiɗa mata kan kwatar bakin ƙofa.