Ranar da Na Goge Gurnanin Mawaƙi

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da aikina na farko a Dubai ba. Wani ƙaramin kamfanin fim a unguwar Al Quoz ne ya ɗauke ni gwajin wata uku, bizata kuma a hannunsu take. In na faɗi, sai Kano.

Aikin shi ne in haɗa hotunan wasan wasu mawaƙan heavy metal, kiɗan nan mai ƙarar tsiya, da ƙagaggen labarin wani direba da ya ɓace a hamada. Duk sanda tsoro ya kama shi, sai a yanko mawaƙan a kan dandali. Ni kuwa shekara shida na yi ina tace bidiyon biki a Kano, inda ƙa'idar ɗaya ce: duk ƙara mai muni daga lasifika take, a goge ta.

Ina kunnawa gabana ya faɗi. Babban mawaƙinsu gurnani yake kamar injin markaɗe ya shaƙe. Na kira Alhaji Bala, ɗan kasuwar da muke gida ɗaya a unguwar Muraqqabat, ya saurara.

"Wallahi makirufo ne ya mutu," in ji shi. "Yalla, maza gyara musu shiru, kar a ce kai ka ɓata. Ka tuna biza."

Kwana biyar ina gumi a cikin sanyin AC. Na danne gurnanin, na tausasa jitar, na yanke duk inda suke kaɗa kai gashi a barbaje (a tunanina asiri na rufa musu, kamar yadda nake cire uwar amarya tana hamma).

Ranar nunawa mawaƙan suka zo su huɗu. A cikin fim ɗin direba yana gudun ceton rai a yashi, kiɗa kuwa lallausa kamar za a shigo da amarya. Can babban mawaƙin, wani ƙato mai gemu, ya juyo a hankali.

"Habibi, ina muryata?"

"Na... na gyara ta."

"Shekara goma na yi ina koyon wannan gurnanin."

Shugabar kamfanin ta dafe kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwana biyu ta ba ni, na mayar da kowane ihu inda na same shi. Da ƙyar aikin ya tsira.

Tun daga ranar, ko jariri na ji yana tsala ihu a bidiyo, sai na tambayi mai aikin ko da gangan ne.