Ƙayar Da Na Kwashe A Tsakar Gida

Ba zan taɓa mantawa da gidan da na fara saya a Jibiya ba, tun Turawa na nan, lokacin ina kai goro Maraɗi ina ji da kaina. Surukina, wani dattijo na Farfaru, ya rantse matata Hajara ba za ta tare ba sai ya ga gidan da idonsa, ya ɗanɗana ruwan rijiyar.

Mai sayarwar, Malam Nahuce, zai koma gona a Mazanya. Ranar da muka gama magana ya ce, "Taho in zagaya da kai, ka ga rariya, ka ga rijiya, ka ga inda anka rufe."

Haka ake yi a garin: mai fita ya nuna wa mai shiga hanyar ruwa da ramukan gida. Ni kuwa na ce, "Haba Malam, ni da na kwana a benen Kano, gidan ƙasa za a koya mini?" (Dare ɗaya ne, a zaure ma.) Ya dube ni, ya ce Allah ya sa albarka, ya hau jakinsa.

A kusurwar tsakar gida akwai wani wuri mai laushi a inuwar bishiyar bedi, an jibga masa ƙaya da fasasshiyar tukunya. Na ce ƙazantar mutanen ƙauye ce. Na kwashe, na share, na yayyafa ruwa har ya kwanta luf. An kuma yi ruwan sama sau biyu a satin.

Ranar da surukina ya zo da ƙannensa, na sa farar riga sabuwa dal. Na shimfiɗa musu tabarma gindin katanga, ni kuma na tsaya a wurin nan mai laushi ina bayani, hannu a baya kamar Joji, Baturen shari'a.

"Baba, gidan nan babu lungun da ban sani ba."

Na buga ƙafa don in nuna ƙarfin ƙasar. Sai na ji ƙaras! Ruɓaɓɓiyar azara ta karye, na wuce har ƙirji. Tsohon masai ne da aka rufe da itace da ƙasa. Ƙayar da tukunyar alama ce, kowane yaro a Jibiya ya san wannan, ban da ni.

Kunya ta kashe ni. Warin kuwa ba sai na faɗa ba. Surukin nawa, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, shi ya kwance igiyar guga ya jefo mini, ƙannensa na ja suna toshe hanci da rawani. Igiyar ba ta sake komawa rijiya ba, saboda haka ruwan da ya zo ɗanɗanawa ma bai sha ba.

Na durƙusa nesa da shi, ina ɗiga. Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Gida dai ya yi. Mai gidan ne da saura. Ɗiyata ta tare bayan kaka, in ka gama sanin lungunan."

Damina guda na yi ni kaɗai, ina dafa wake da kaina. Da ƙafa na je Mazanya na roƙi Malam Nahuce ya zo ya zagaya da ni. Ashe akwai rami na biyu, daidai inda na yi niyyar kafa wa Hajara murhu.

Tun daga nan, in na ga ƙaya a gidan da ba ni na gina ba, sai na tambaya kafin in ɗauki tsintsiya.